Elmina da Cape Coast: Abin da Ke Ƙarƙashin Farin Gini

Wannan makon za mu leƙa gaɓar tekun Ghana, kimanin kilomita 150 yamma da Akra, inda garuruwan Cape Coast da Elmina suke maƙwabtaka.

Wanda ya fara zuwa, kyan wurin ne zai ɗauke masa hankali: itatuwan kwakwa, jiragen masunta Fante masu launi iri-iri, da manyan fararen gine-gine biyu a bakin ruwa. To amma waɗannan gine-gine ba don shaƙatawa aka yi su ba.

Turawan Fotugal ne suka gina na Elmina a 1482, da farko don cinikin zinare. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, daga baya ya koma hannun Ingila a 1872. Na Cape Coast kuwa 'yan Suwidin suka fara shi a 1653, kafin Ingila ta karɓe. Da gonakin rake na nahiyar Amurka suka buƙaci hannu, sai ɗan Adam ya fi zinare riba, ɗakunan ajiyar kaya suka zama kurkuku. A Cape Coast, ɗakin ibadar Turawan yana saman kurkukun maza ne. Daga nan akan fitar da mutane ta wata ƙofa da yau ake kira ƙofar da ba a dawowa. Sai a 1807 Ingila ta haramta wa 'yan ƙasarta wannan ciniki.

Kada mu ɗauka labarin wasu ne can. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare daga arewa aka gangaro da su, kuma Salaga ta ƙasar Gwanja, inda kakanninmu fatake suke sayen goro, babbar kasuwar bayi ce ita ma. A Assin Manso, kan hanyar Kumasi, har yau ana nuna rafin da bayi suke yin wankan ƙarshe kafin a kai su teku.

Cape Coast ce hedikwatar mulkin Turawa har 1877 da aka mayar Akra. A ginin Elmina kuma aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896. A 1979 UNESCO ta sanya gine-ginen cikin kayan tarihin duniya.

In Allah Ya kai ka, ka je dajin Kakum ka taka gadojin igiya guda 7 da aka rataya a saman bishiyoyi. In ka dace da Talatar farko ta watan Yuli, ka kalli bikin Bakatue na masuntan Elmina. Amma kafin ka ɗauki hoto a kan katanga, ka fara sauka ƙasa ka tsaya minti biyar cikin duhun nan da wasu suka yi makonni a ciki.

Wa ya taɓa zuwa a cikinmu? Ya ba mu labari. Sai mako mai zuwa.