Ƙwaron da ba ya buƙatar fasfo

1/ Jama'a, ku matso mu ɗan taɓa tarihi. Yau na ƙwari ne, waɗanda suka shigo mana a ɓoye cikin dashe. In kun kai ƙarshe za ku gane abin da ya sa ni ɗan Zagga nake tsoron ɗan itacen da ake tsallakowa da shi a leda.

2/ Mu nan ƙasar Bagudo iyaka ba baƙuwarmu ba ce. Ta Tsamiya ka faɗa Segbana a Benin, ta Lolo ka nufi Malanville. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya. Mutum ya ga dashen mangwaro ɗan aure, ya ɗaure a bayan babur, wa zai tambaye shi?

3/ To ku ji. A 1973 aka fara ganin wani farin ƙwaro kamar auduga a jikin rogo a Kwango. Daga Kudancin Amurka ya zo, cikin itacen rogon da aka kawo don shuka. Kafin 1980 ya iso Najeriya, yana tsotse ganye har rogo ya ƙanƙance.

4/ Feshi ya kasa. Sai masana na cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin Hans Herren, suka kawo abokin gabarsa daga Paraguay: wani ɗan mitsitsin zanzaro mai saka ƙwai a cikinsa. A 1981 aka sake shi. Da shi rogon Afirka ya tsira.

5/ Sai mangwaro. Farkon shekarun 1980 wani irinsa daga Asiya ya ɓulla a Togo da Gana, a 1986 ya shiga Benin. Ganye ya yi ta darɓa, ya yi baƙi ƙirin, itace ya daina 'ya'ya. Wasu don takaici sare bishiyoyinsu suka yi. Sai da aka je Indiya neman nasa zanzaron.

6/ Yanzu ga mai hana ni barci: jan ƙwaron dabino. Ɗan Kudancin Asiya ne. Tsakiyar shekarun 1980 ya shiga ƙasashen Larabawa, 1992 ya isa Masar cikin 'ya'yan dabinon dashe, 2015 aka gan shi a Tidjikja ta Muritaniya.

7/ Sharrinsa, daga ciki yake ci. Uwar ta saka ƙwai a inda itacen ya ji rauni, tsutsa ta yi ta ɓarza zuciyarsa, waje kuwa kore shar. Ran da ka ga kai ya langaɓe, aikin gama ya gama.

8/ Muna da hukumar NAQS mai killace tsirrai da dabbobi, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018. Aikinta ne duba takardar lafiyar duk dashen da zai shigo. Amma fa tsakani da Allah, hanyoyin daji nawa ne daga Illo zuwa Ka'oje? Ga kogin Kwara da kwalekwale.

9/ Shi ya sa na ce mai gadin gaskiya shi ne mai saye. Matasa da yawa yanzu na sha'awar gonar dabino, madalla. Ku nemi irin gida, akwai tashar binciken dabino ta NIFOR a Dutse. Na waje kuwa, in babu takarda, a bar shi ko kyauta ne.

10/ Rogo da mangwaro sun samu mai ceto, amma bayan shekarun asara. Dabino kuwa sai ka yi shekaru kana ban ruwa kafin ka ɗanɗana. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ku tura wa mai lambun gidanku.