Zariya: Cibiyar Sana'o'i, Masana'antu da Binciken Kimiyya

Gabatarwa

Duk wanda ya hau Dutsen Kufena zai hango tsohon Birnin Zazzau da ganuwarsa, da Wusasa, da gonakin da suka miƙa har Samaru. A wannan yanki ne Allah ya haɗa mana abubuwa uku: albarkatun noma, sana'o'in gargajiya, da cibiyoyin bincike. Wannan bayani zai nuna wa manoma da jami'an ƙananan hukumomi abin da muke da shi, da yadda za a amfana.

Tushen Sana'a

Masu binciken kayan tarihi sun tono matoyan tama a Samaru ta Yamma, waɗanda suka shaida cewa an narka ƙarfe a nan fiye da shekaru dubu da suka wuce. Birnin ya shahara da ƙira da jima da rini da ɗinkin manyan riguna. Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa a zamanin Sarki Abdulkarimu, a shekarun 1830.

Zuwan Masana'antun Zamani

Layin dogo daga Baro zuwa Kano ya ratsa Zariya a 1911, garin ya zama kasuwar auduga da gyaɗa, aka kuma kafa injin gurzar auduga. Daga baya aka samu masana'antun taba da tamfol da mitar lantarki da man girki, da kamfanonin iri irin su Premier Seed da ke Chikaji. Sai dai ƙarancin lantarki da kwararowar kayan waje sun durƙusar da wasu. Rufe masaƙar Kaduna Textiles a 2002 ya taɓa manoman audugarmu ƙwarai.

Cibiyoyin Bincike

1. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru (IAR) ta faro a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Tana samar da ingantaccen irin masara da dawa da gyaɗa da auduga da wake.
2. Cibiyar NAPRI da ke Shika tana binciken kiwo. Ita ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown mai jure yanayinmu.
3. Cibiyar NILEST a Samaru tana koyar da jimar zamani, NARICT a Basawa kuma tana binciken sinadarai daga albarkatun gida.
4. Cibiyar Binciken Makamashi (CERT) tana da na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, wadda ake amfani da ita wajen gwajin ƙasa da ma'adinai.
5. Cibiyar Fasahar Sufuri (NITT) tana horar da makanikai kan mayar da motocin fetur masu amfani da iskar gas.

Fasahar Kare Muhalli

Misali mafi kusa da manomi shi ne waken SAMPEA 20-T da IAR ta fitar a 2019. Yana kare kansa daga tsutsar da ke cin fure da kwanson wake, don haka feshi biyu ya wadatar maimakon shida zuwa takwas. Wannan ya rage kashe kuɗi, ya rage dafin da ke shiga ƙasa da rafuka da jikin mai feshi. A 2024 kuma an amince da masarar TELA mai jure fari da tsutsa.

Kira ga Jama'a

Babbar asararmu ita ce sayar da fata da hatsi ɗanye, ribar sarrafawa ta tafi wani wuri. Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari da Giwa da Soba da Kudan su riƙa tura matasa horo a waɗannan cibiyoyi. Manoma kuwa su kafa ƙungiyoyin gama kai, su tuntuɓi malaman gona kafin damina, su kuma sayi iri daga amintattun dillalai. Ilimin yana bakin ƙofarmu, saura mu taka mu ɗauka.