Wane Ne Mai Lamba Ɗaya?

A Tamanrasset na fara kallon The Prisoner, a wayar wani tela ɗan Maraɗi, muna zaune ƙofar shagonsa ana dafa shayi. Da Faransanci aka juya shi, telan ke mayar mana da shi Hausa. Ranar da muka kai ƙarshe gardama ta kaure, daga baya na gano ta girme mu duka.

Shirin na Ingila ne, kashi 17, an nuna shi daga 1967 zuwa 1968. Patrick McGoohan ya fito a matsayin ɗan leƙen asirin da ya ajiye aiki, aka sace shi zuwa wani ƙauye mai kyau a bakin teku, aka raɗa masa Lamba Shida. Abu ɗaya ake so ya faɗa: me ya sa ya bar aiki? A Portmeirion da ke Wales aka ɗauki hoton ƙauyen.

Saɓanin daga masu shirin ya faro. George Markstein, mai tace labarin, ya ɗauke shi labarin leƙen asiri zalla. Yana kafa hujja da Inverlair Lodge a Scotland, inda Birtaniya ta killace wasu jami'anta na asiri lokacin yaƙin duniya na biyu. A wurinsa Lamba Shida shi ne John Drake na shirin Danger Man, wanda McGoohan ya fito a ciki tun 1960. McGoohan ya musanta, ya ce misali ne yake bugawa a kan mutum da jama'ar da ke son tanƙwara shi. Markstein ya bar aikin kafin a gama.

A kashi na ƙarshe Lamba Shida ya yaye fuskar Lamba Ɗaya, ya tarar da ta biri, ya sake yayewa, sai ga tasa fuskar. Masu kallo suka fusata, suka yi ta buga waya gidan talabijin. Har yau masoyan shirin na taruwa a Portmeirion, ba su daidaita ba.

Mu ma haka muka rabu. Wani tsohon direban hanyar In Guezzam ya bi Markstein: ya ce wanda ya zauna garin da hamada ta kewaye, takardarsa ba ta cika ba, ya san akwai mai riƙe da ƙofa, kuma ba shi ba ne. Telan ya bi McGoohan: ya ce shekararsa tara nan, hanya a buɗe take, kunyar komawa gida hannu rabbana ce ta tsare shi.

Na so in raba gardamar, sai telan ya tambaye ni yaushe rabona da gida. Na ƙirga, na yi shiru, na miƙa kofi aka ƙara mini shayi.