Daga LEDB Zuwa LSDPC: Tarihin Hukumar Gidaje Ta Legas

Duk mai biyan haya a Legas ya kamata ya san tarihin hukumar da aka ɗora wa alhakin samar wa jama'a muhalli a wannan gari.

Annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Legas a 1924. Saboda haka Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar LEDB a 1928 domin ta rushe unguwanni masu cunkoso, ta kuma tsara gari. Matsalar ita ce hukuma ɗaya ke tsarawa, ita ke rushewa, ita ke ginawa, kuma gwamnati ce ke naɗa shugabanninta, mazauna ba su da ta cewa.

An ga illar haka daga 1955, lokacin da ta fara rushe tsakiyar tsibirin Legas tana mayar da mutane Surulere. Gidajen sababbi ne, amma 'yan kasuwa sun yi nisa da masu sayen kayansu, dangi kuma suka warwatse.

Bayan an ƙirƙiri jihar Legas a 1967, gwamnatin Mobolaji Johnson ta haɗe LEDB da hukumomin tsara garuruwan Ikeja da Epe a 1972, aka samar da LSDPC. Aikin tsara gari ya koma ma'aikata, hukumar ta fuskanci gini. Wannan gyara ya yi amfani a zamanin Lateef Jakande, 1979 zuwa 1983, wanda ya gina dubban gidaje masu sauƙin kuɗi a Amuwo Odofin, Iponri, Abesan da sauransu.

Sai dai gyaran bai ba talaka murya ba. A Yulin 1990 gwamnatin Raji Rasaki ta rushe Maroko, kimanin mutum 300,000 suka rasa matsuguni. Kaɗan ne aka ba gidaje a Ilasan da Ikota, da yawansu ma ba a kammala gininsu ba.

A 2014 gwamnatin Fashola ta fara raba gidaje ta hanyar ƙuri'a a bainar jama'a, domin rage son kai. Nan ne gyara na gaskiya yake: a san wa ya samu gida, a san nawa aka kashe, majalisar jiha ta binciki asusu, mazauna kuma su samu kujera a inda ake yanke hukunci.

Allah ya rufa mana asiri.