Shekarar 1975: Sholay, Jaws da Tarihin Silimar da Ake Kallo Daga Cikin Mota

Duk lokacin da hirar finafinan da ta ɓarke a majalisa, ko a Sabo ta Ibadan ne, ko a Agege, ko a Fatakwal, ba a daɗewa sai wani dattijo ya ambaci Sholay. Daga nan sai gardama ta kaure kan wanda ya fi jarumta tsakanin Amita da abokinsa, da kuma ko an taɓa yin bos mai mugunta irin ta Gabbar. Fim ɗin ya fito a 1975, shekarar da Amurka ma ta fitar da nata gagarumin fim mai suna Jaws. A wancan zamani mutane da yawa sun kalli finafinan nan biyu a fili, sararin sama a bisa kansu: mu a gidajen silima marasa rufi, Amurkawa kuma daga cikin motocinsu. Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan shekara shi ne a cikinta aka fara sayar da na'urar da ta zo ta watse taron 'yan kallo a can da nan.

Bari mu fara da finafinan. An saki Sholay a Indiya ranar 15 ga Agusta, 1975, kuma Ramesh Sippy ne ya ba da umarni. Labarin wani tsohon ɗan sanda ne, Thakur, wanda ɗan fashi Gabbar Singh ya kashe wa iyali ya kuma sare masa hannuwa biyu. Sai ya ɗauko wasu ɓarayi biyu, Jai da Veeru, ya ɗora musu aikin kamo masa Gabbar da rai. Amitabh Bachchan da Dharmendra ne suka fito a matsayin ɓarayin, Amjad Khan ya fito a Gabbar, Hema Malini kuma ita ce Basanti mai keken doki da surutun tsiya. Da farko fim ɗin bai yi kasuwa ba, daga baya ya kankama har ya shafe fiye da shekara biyar ana nuna shi a gidan silimar Minerva da ke Bombay.

Jaws kuwa ya riga shi fitowa da kusan wata biyu, ranar 20 ga Yuni. Steven Spielberg ne ya shirya shi, kuma yana ɗan shekara 28 lokacin da fim ɗin ya fito. Wani ƙaton kifin teku ne ya addabi wani tsibiri yana cin masu wanka. Shugaban 'yan sandan garin ya so rufe bakin ruwan, magajin gari ya hana saboda kada kuɗin 'yan yawon buɗe ido ya tsaya. Kifin roba mai inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa lokacin ɗauka, dole aka rage nuna shi, sai kiɗan John Williams ya riƙa sanar da zuwansa. Hakan ya ƙara wa fim ɗin ban tsoro. Jaws ya zama fim mafi kawo kuɗi a tarihi har zuwa fitowar Star Wars a 1977.

To, mece ce wannan silima ta mota da Amurkawa ke kira drive-in? Wani ɗan kasuwa mai suna Richard Hollingshead ne ya ƙirƙiro ta. Ya fara gwaji a harabar gidansa: ya ɗora na'urar haska fim a kan mota, ya kafa allo a jikin bishiyoyi, ya yi ta jera motoci yana auna yadda na baya zai hango allo ba tare da na gaba ya tare shi ba. Dabarar da ya gano ita ce a yi wa kowane layi ɗan tudu yadda gaban mota zai ɗaga sama. Ranar 6 ga Yuni, 1933 ya buɗe ta farko kusa da garin Camden a jihar New Jersey, fili mai cin mota kusan 400. Kuɗin shiga santi 25 ne kan mota, santi 25 kan kowane mutum, kuma komai yawan mutanen mota ba za a biya fiye da dala ɗaya ba.

Matsalar farko ita ce sauti. Manyan lasifikoki aka kafa kusa da allo, sai maƙwabta suka dami da ƙara, na layin baya kuma magana na iso musu bayan bakin ɗan wasa ya riga ya motsa. A 1941 kamfanin RCA ya fito da ƙaramar lasifika da ake ratayawa a gilashin mota, daga baya kuma aka koma tura sautin ta rediyon motar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harkar ta bunƙasa. Mota ta yi araha, mutane sun koma zama a unguwannin bayan gari inda fili ke da yawa, ga yara an haifa birjik. Zuwa 1958 akwai irin waɗannan silimu fiye da 4,000 a Amurka. Magidanci zai kwaso iyalinsa gaba ɗaya, yara sanye da kayan barci, jariri ya yi kukansa ba wanda zai harare shi. Wurare da yawa suna da filin wasan yara a gindin allo, kuma babbar ribar masu wurin daga sayar da gugguru da lemo da sauran abin taɓawa take fitowa. Sai dai duhu da sirrin cikin mota sun ja wa wuraren baƙin jini, iyaye da malaman coci suka riƙa kallonsu a matsayin matattarar samari da 'yan mata.

Mu a nan gida mota ba ta wadata haka ba, amma kallon fim a fili ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun fara da majigi, motar gwamnatin mulkin mallaka da ke zagaya garuruwa tana kafa allo a ƙofar fada ko filin kasuwa, tana nuna finafinan tsafta da noma kyauta. Sannan 'yan kasuwa, galibi Kwarori 'yan Lebanon, suka fara gina gidajen silima na kuɗi. A Kano an buɗe Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya ta hallaka mutum fiye da 300, abin da mutane da yawa suka fassara da cewa azaba ce. Duk da haka a shekarar da ta biyo baya aka buɗe Palace a cikin birni, bayan doguwar jayayya. Akasarin gidajen silimar Arewa katanga ce doguwa da bencina da allo, babu rufi sai ɗan ɓangaren masu tikiti mai tsada. Saboda haka ba a fara fim sai duhu ya shiga, kamar dai a Amurka, kuma idan hadari ya haɗo kowa ya san inda dare ya yi masa. Baƙin jinin ma iri ɗaya ne: a wurin iyayenmu silima wurin 'yan iska ce, matar aure ba ta zuwa, yaro kuma sai dai ya saci jiki.

A waɗannan gidaje ne finafinan Indiya suka kama zukatanmu tun daga shekarun 1950. Ba ma jin yaren, amma mun gane auren dole, da biyayyar iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, da talaka mai neman haƙƙinsa wurin mai kuɗi. Fim kamar Mother India na 1957 ya yi shekaru ana maimaita shi. Wanda ya taɓa zama a bencin silima ya san daɗin yana cikin taron ne. Ana yi wa jarumi tafi, ana zagin bos, wanda ya kalli fim sau biyar yana fassara wa na kusa da shi, ana bin waƙa baki ɗaya ba tare da an san ma'anarta ba. Washegari a kasuwa da tasha hirar ke nan.

Yanzu mu dawo 1975. A shekarar ce kamfanin Sony ya fara sayar da bidiyon gida mai suna Betamax, a 1976 kuma JVC ya fito da VHS. Silimar mota dama ta fara jin jiki. Tsadar mai ta 1973 ta sa mutane komawa ƙananan motoci marasa daɗin zama. Dokar tura agogo gaba da awa ɗaya a lokacin zafi ta sa duhu ba ya shiga da wuri, sai fim ya kai dare sosai ga masu yara. Garuruwa sun faɗaɗa sun cimma filayen, kuɗin fili ya tashi har sayar da shi ga masu gina manyan kantuna ya fi nuna fim riba. Nasarar Jaws ma ta koya wa kamfanonin fim sabon salo: a saki fim a ɗaruruwan wurare lokaci guda da tallar talabijin, a riƙe shi makonni. Wannan ya fi dacewa da gidajen silima masu ɗakuna da yawa da ke nuna fim tun da rana. Da bidiyo ya shiga gidaje a shekarun 1980, sai silimun mota suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Yau waɗanda suka rage a Amurka ba su wuce kimanin 300 ba.

Namu labarin bai yi nisa da wannan ba. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta karɓe gidajen silima daga hannun baƙi. Kuɗin Udoji da ma'aikata suka samu a tsakiyar shekarun 1970 ya shigar da talabijin gidaje da yawa. Daga 1986, da aka karya darajar naira, sayo fim daga waje ya gagari masu silima, ga kuma tsoron fita da dare. Kaset ɗin bidiyo ya cike gurbin, kuma a kansa ne finafinan Hausa suka tashi, daga Turmin Danya a 1990. Gidajen silima da yawa sun koma coci, ko sito, ko shaguna. Mu mazauna Agege muna da shaida a gabanmu: kullum muna hawa mota muna cewa a sauke mu a Pen Cinema, har gadar sama aka gina da sunan, amma yaranmu da yawa ba su san gidan silima ne ya bar wa wurin suna ba.

Ba mu ce komai na wancan zamani alheri ne ba, kuma bidiyo ya buɗe wa iyayenmu mata ƙofar kallon da silima ta rufe musu. Amma akwai abin da ya tafi. Yau a gida ɗaya mutum shida na iya kallon fim shida, kowa da wayarsa da abin toshe kunne, uba bai san abin da ɗansa ke kallo ba. A 2020, lokacin kullen korona, da aka rufe gidajen silima, Amurkawa sun koma silimar mota, har a Legas da Abuja an gwada shirya irinta. Wannan ya nuna mutane na ƙishin kallo tare, ko da kowa na cikin motarsa.

Mu da muke zaune nesa da gida mun fi kowa bukatar abin da zai riƙa haɗa mu wuri ɗaya. Na'urar haska fim yanzu ba ta da tsada, farin bango da fili kuma ba su gagare mu ba. Kafin nan, dattawan da suka zauna a bencin Rex da Palace da Pen Cinema suna nan a cikinmu, kuma kullum raguwa suke yi. Mu zauna da su, mu tambaye su sunan silimar garinsu, nawa suke biya, wane fim suka fi so, mu rubuta mu ajiye wa na baya. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.