Daga Ƙofar Mata zuwa Maraɗi: filayen da suka kawo mana ƙwallon duniya kusa da gida

Yau hirar tamu ta ƙwallo ce, amma ba maganar wa ya ci wa za mu yi ba. Maganar filin da ake bugawa a kansa za mu yi.

Matasan da ke cika gidajen kallo na garuruwanmu sun haddace sunayen filayen Sifaniya da na Ingila. Da yawansu ba su san cewa an taɓa kawo gasar duniya Kano ba, garin da bai kai kilomita 200 daga Magarya ba idan ka bi ta Tinkim, Ɓaɓura da Dambatta. Yamai kuwa, babban birninmu, sai ka shafe kusan kilomita 1000. Shi ya sa tarihin filin Kano ya shafe mu.

Tun 1995 aka so Najeriya ta karɓi gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20. Ana dab da farawa hukumar FIFA ta ɗauke ta zuwa Katar, ta kafa hujja da cututtuka, musamman sanƙarau. 'Yan Najeriya sun ji zafi ƙwarai. To amma dattawanmu ba su manta da abin da sanƙarau ya yi a Nijar a wannan shekarar ba, ga kuma wanda ya biyo baya a Kano a 1996. Sai a watan Afrilun 1999 gasar ta samu zuwa. Birane takwas suka karɓe ta, uku a Arewa: Kano, Kaduna da Bauchi. A Kano, sabon filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ne ya karɓi baƙi.

Ku dubi waɗanda aka kawo mana: Kamaru, Japan, Amurka da Ingila. A watan Afrilu fa, lokacin da ko mu 'yan gida muke neman gindin bedi! Yaran Ingila suka koma gida ba su ci ko ƙwallo ɗaya ba. Su kuwa Japan, Kamaru ta doke su 2 da 1 a wasansu na farko a Kano, kowa ya ɗauka sun gama. Ashe su ne za su kai wasan ƙarshe a Legas, inda Sifaniya ta su Xavi ta lallasa su 4 da nema. A Kanon ne kuma Najeriya ta fidda Ayilan a bugun fenariti, kafin Mali ta tare ta a zagaye na gaba. Ɗan Malin nan Seydou Keita shi aka zaɓa gwarzon gasar, tun kafin a san zai je Barcelona.

Ba a cika shekara ba sai ga babbar: gasar cin kofin Afirka ta 2000. Asali Zimbabuwe aka ba, sai CAF ta ga ba ta shirya ba, ta raba gasar tsakanin Gana da Najeriya. Filaye huɗu kacal: Akara, Kumasi, Legas da Kano. A ganinmu, ba don komai Kano ta samu ba sai don filinta a shirye yake, an gwada shi 'yan watanni kafin nan. Rukunin da aka ajiye a Kano ya haɗa Masar mai riƙe da kofi, Senegal, Zambiya da Burkina Faso. Wanda ya shiga motar Ɓaɓura a wancan Janairu, cikin hazon hunturu, ya ga Hossam Hassan da Kalusha Bwalya da idonsa. Ya ga kuma Senegal ta su Khalilou Fadiga da Henri Camara, wadda bayan shekara biyu ta ba Faransa kunya a gasar duniya. A Ƙofar Mata ne Tunisiya ta sauke Masar daga karaga da ci ɗaya mai ban haushi. Maganar fenaritin Victor Ikpeba a wasan ƙarshe da Kamaru kuwa, wannan gardamar mu bar ta, har yau ba ta ƙare a majalisun shayi ba.

A 2009 Kano ta sake karɓar gasar duniya, ta 'yan ƙasa da shekara 17. A nan aka ga Isco da Koke suna yara. A nan kuma aka ji kunya, don fitilun filin sun ɗauke ana tsakiyar wasan Sifaniya da Amurka, duniya na kallo.

Abin da ya raya filin Kano tsakanin waɗannan gasa ba baƙi ba ne, Kano Pillars ce. Ƙungiyar da ta shafe shekara 12 ba a doke ta a gida ba a gasar Najeriya, daga 2003 zuwa 2015. Baƙi sati uku suke yi su tafi. Masu "Sai Masu Gida" su ne ke cika kujerun duk kaka.

To mu fa a Nijar? Filin Janar Seyni Kountché na Yamai, wanda 'yan Sin suka gina aka buɗe a 1989, shi ne ya daɗe yana ɗauke da nauyin ƙasa shi kaɗai. Ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005. A kansa Mena ta doke Masar 1 da nema a Oktoban 2010, Moussa Maâzou ya zura ƙwallon, mu kuwa muna manne da radiyo. Wannan nasara ce ta buɗe mana hanyar zuwa kofin Afirka na 2012, karo na farko a tarihi. A 2015 Yamai ta karɓi kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 17, Mali ta ɗauka, a nan kuma aka fara jin sunan Victor Osimhen.

Sai a watan Fabrairun 2019 babbar gasa ta fito daga Yamai. Kofin Afirka na 'yan ƙasa da shekara 20 aka raba tsakanin Yamai da Maraɗi. Senegal, Mali, Gana da Burkina Faso suka sauka a Katsinan Maraɗi, kuma daga cikin wannan rukunin ne biyun da suka buga wasan ƙarshe suka fito, Mali ta doke Senegal a fenariti. Mun taya Maraɗawa murna, tsakani da Allah. Amma a zuci da yawanmu mun tambaya: Damagaram fa? Garin da ya riƙe hedikwatar ƙasa har 1926, jihar da ƙidayar 2012 ta nuna ta fi kowace yawan jama'a, ga ayyukan Zinder Sabuwa da aka kammala bikinsu a Disambar 2018, wata biyu kacal kafin gasar. Magarya da Dungas kaɗai sun haura mutum dubu 900 a waccan ƙidaya. Duk da haka ba a taɓa kawo mana wasa ɗaya na irin wannan gasa ba.

Abin da ya fi wannan ciwo ya zo daga baya. CAF ta tsaurara sharuɗɗanta kan ciyawa, fitilu, kujeru da ɗakunan 'yan wasa, filin Yamai ya kasa cika su. Mena ta koma karɓar baƙinta a ƙasar wasu. A Nuwamban 2023 ta doke Zambiya 2 da 1, wasan "gida" ne amma a Marakesh ta Maroko. A Nuwamban 2024 ta zuba wa Sudan 4 da nema, shi ma na "gida" ne, amma a Lome. Irin nasarar da a da za ta hana Yamai barci, sai ga shi a waya muka gan ta.

Mun san wasu za su ce ana fama da tsadar hatsi da matsalar tsaro, wa ke ta filin ƙwallo? Maganarsu na kan hanya, mu ma ba mu ce a gina wa Dungas fili mai kujera dubu 30 ba. Abin da muke nema daga hukumomin gari da na jiha ƙarami ne: a yi wa filayen da yaranmu ke bugawa takarda da iyaka kafin a yanka su fuloti, a zagaye su da katanga, a sa musu ragar kirki. Shi kuma filin Damagaram a kai shi matsayin da CAF za ta iya dubawa, a ba ƙungiyoyin jiha abin da za su riƙa cika shi, kamar yadda Pillars ta yi wa na Ƙofar Mata.

Duk wanda ya samu zuwa Kano a 1999 ko 2000, ko Maraɗi a 2019, ya ba mu labari a ƙasa: wace hanya kuka bi, wane wasa kuka gani? Za mu tattara mu kawo muku a rubutu na gaba, in Allah ya kai mu.