Birki mai maido da makamashi

Birki mai maido da makamashi wata hanya ce ta rage gudun abin hawa, inda ake juya ƙarfin tafiyarsa ya koma lantarki a zuba shi cikin batir, maimakon a bar shi ya salwanta a matsayin zafi. Ana samun sa a motocin lantarki, da motoci masu haɗa fetur da lantarki, da jiragen ƙasa na lantarki, da wasu babura da kekuna masu ƙafa uku da ke aiki da batir. Bai maye gurbin birkin da aka saba da shi ba, su biyun tare suke aiki a mota ɗaya. Kalmar birki, wadda wasu ke furtawa burki, aro ce daga Turanci, kuma a nan an ɗan faɗaɗa ma'anarta, domin wannan nau'in ba ya matse taya ko kaɗan.

Yadda yake aiki

Duk motar da ke tafiya tana ɗauke da makamashi wanda ya danganta da nauyinta da kuma gudunta. Idan direba ya taka birki na gargajiya, takalmin birki yana matse faifan da ke juyawa tare da taya, gogayyar ta haifar da zafi, zafin ya bi iska. Man da aka ƙona don kai motar ga wannan gudun ya tafi ke nan. Shi ya sa tayar babbar mota ke yin wari idan ta sauko daga dogon gangare.

Injin lantarki kuwa yana iya aiki ta fuska biyu. Idan aka ba shi wuta, naɗin wayar da ke cikinsa da maganaɗisu sukan sa shi juyawa, ya tura taya. Idan kuma tayar ce ke juya shi, sai ya zama janareta, ya riƙa fitar da wuta. Janareta ba ya ba da wuta a banza, yana turjewa abin da ke juya shi. Wanda ya taɓa hawa keke mai fitilar dainamo ya san wannan: da an jingina dainamon da taya, fitila ta kama, feda kuma ta ƙara nauyi. Wannan turjiyar ita ce birkin. Da zarar direba ya ɗaga ƙafa daga totur, ko ya fara taka birki, na'urar inbata da ke tsakanin inji da batir takan juya akalar wutar, ta koma cikin batir, motar kuma ta rage gudu.

A yawancin motoci kwamfuta ce ke raba aikin. Idan an taka birki a hankali, injin lantarki ne ke ɗaukar mafi yawansa. Idan an taka da ƙarfi, sai birkin gogayya ya shigo ya cika. Wasu motocin suna da tsarin tuƙi da feda ɗaya, inda sakin totur kaɗai kan kai motar kusa da tsayawa, kuma fitilar birki ta baya tana kamawa don na baya ya sani.

Yawan abin da ake samu

Makamashin tafiya rabin nauyi ne sau gudu sau gudu. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa tana ɗauke da kimanin kilowat-awa 0.16, wato wutar da za ta riƙe ƙwan fitila mai wat 10 na tsawon awa 16. A gudun kilomita 50 adadin ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne, kimanin 0.04. Ko wannan ɗin ma ba duka ake kamawa ba. Iska da gogayyar taya da kwalta suna cin nasu, inji da inbata da batir kowanne yana zubar da kaɗan a matsayin zafi, a shiga da kuma a fita.

Don haka amfanin ba a taka birki ɗaya yake ba, a yawan maimaitawa yake. Gangare ma yana bayarwa sosai: wannan motar dai, idan ta sauko tsayin mita 100, tana sakin kimanin kilowat-awa 0.4. A wuri irin Hawan Kibo na jihar Filato, inda birkin manyan motoci ke yawan shanyewa saboda zafi, ribar biyu ce, ga wuta ta koma batir, ga takalmin birki bai ƙone ba.

Akwai kuskuren da ake yawan ji, cewa motar lantarki tana caja kanta da kanta tana tafiya, ba ta bukatar a jona ta. Ba haka ba ne. Abin da ke komawa batir wani ɓangare ne na abin da ya riga ya fita daga cikinsa.

Tarihi

Dabarar ta girmi motar fetur ta zamani a wasu fannoni. A shekarar 1886 kamfanin Frank J. Sprague na Amurka ya gabatar da ita a injinan lantarki, kuma jiragen ƙasa sun ci moriyarta, musamman a layukan da ke ratsa duwatsu. Har yau jiragen da ke ɗaukar tama daga Kiruna a Suwidin zuwa tashar ruwa ta Narvik a Norwe suna mayar da wuta cikin layi idan suna gangarowa da kaya. A 1967 kamfanin American Motors ya nuna wata motar gwaji mai suna Amitron da ke da wannan tsari. Amma motar da ta kai shi hannun jama'a da yawa ita ce Toyota Prius, wadda aka fara sayarwa a Japan a 1997. Gasar tseren motoci ta Formula One ta shigo da nata nau'in a 2009.

A Sakkwato

Jihar Sakkwato tana da alaƙa da wannan fasaha ta hanyar Jelani Aliyu, mai zanen motoci, wanda asalinsa Dogon Daji ne a ƙaramar hukumar Tambuwal. Yana aiki da kamfanin General Motors ya zana samfurin farko na motar Chevrolet Volt da aka nuna a 2007, aka fara sayar da ita a ƙarshen 2010. Motar tana tafiya da batir, tana da injin fetur na taimako, kuma tana amfani da irin wannan birki. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya, wato NADDC. A zamaninsa ne, cikin watan Afrilu na 2021, hukumar ta buɗe tashar cajin motocin lantarki mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, kafin na jami'o'in Legas da Nsukka. Motar da aka riƙa nunawa a lokacin ita ce Hyundai Kona ta lantarki, wadda kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas.

Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, maganar motoci da kekunan lantarki ta ƙara ƙarfi a Arewa, kuma masu talla sukan ambaci wannan birki a cikin abubuwan da ke rage kashe kuɗi. Yawan ragin kuwa ya dogara da hanyar da motar ke bi.

Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega misali ce mai kyau. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da dogon gangare. Motar da ta miƙa tsakanin Boɗinga da Shagari da gudu ɗaya, mafi yawan wutarta wajen keta iska take tafiya, kuma wannan ba ta dawowa. Wuraren da take samun wani abu su ne inda dole a rage gudu: shiga gari, bakin kasuwa, tudun rage gudu, shingen jami'an tsaro, ko garken shanu da ke tsallaka titi. Direban haya mai tsayawa ɗauka da saukewa a ƙauyukan hanya ya fi mai motar gida da ke wucewa kai tsaye cin riba. Mai keke da ke yini yana zagaya cikin birnin Sakkwato, yana tsayawa sau ɗaruruwa, shi ya fi su duka, in har kekensa na da tsarin, domin ba kowane keken batir ke da shi ba.

Iyakokinsa

Idan batir ya cika, babu inda wutar za ta shiga, sai motar ta koma kan birkin gogayya. Haka kuma na'urar da ke kula da batir takan rage wutar da take karɓa idan batirin ya yi sanyi ƙwarai ko ya ɗauki zafi fiye da kima. Na biyun ne ya shafi Sakkwato, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Direban da ya saba motarsa na rage gudu da sakin totur yana iya jin ta ɗan zarce a irin wannan yanayi, don haka ƙafa ba ta nisa da birki.

A gudu kaɗan, gab da tsayawa, injin ba ya samar da turjiya mai yawa. Yana kuma riƙe tayoyin da ke haɗe da shi ne kawai, na gaba ko na baya, alhali tsayawar gaggawa tana bukatar duka huɗun. Takalmin birki yana daɗewa bai cinye ba, wannan gaskiya ne, amma birkin da ba a yawan amfani da shi yakan tara tsatsa da damina, ya tara ƙura da hunturu, har ya cije. Dole ne bakanike ya riƙa duba shi, a kuma canza man birki a kan lokaci.

Batun inshora

Wannan birki yana rage kuɗin wuta da na gyara, amma ba ya taɓa kuɗin inshora a Najeriya. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda aka yi wa ɓarna, farashinta a ƙayyade yake. Daga ranar 1 ga Janairu 2023 hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga na motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, tare da diyyar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3. Keke mai ƙafa uku naira 5,000 ne, babur 3,000. 'Yan sanda sun fara tsananta bincikenta a ranar 1 ga Fabrairu 2025.

Cikakkiyar inshora, wadda ke biyan har ɓarnar motar mai ita, ana lissafa ta ne a kan darajar motar, kuma hukumar ta ce kada ta gaza kashi 5 cikin ɗari. Tunda motar lantarki ta fi tsada, kuma batirinta babban kaso ne na kuɗinta, inshorarta takan fi ta takwararta ta fetur. Mai tsohuwar mota yakan tsaya a kan ta wajibi don sauƙi. Wasu kuma sukan zaɓi takaful, tsarin taimakekeniya na Musulunci da kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful ke gudanarwa, inda akan raba rarar asusu ga waɗanda ba su nemi diyya ba. Takardar bogi mai arha da ake saya a bakin tasha ba ta biyan kowa idan an yi hatsari. Ana iya tantance ta gaske da lambar mota a rumbun bayanan kamfanonin inshora na NIID.